Zarton injin katako: yadda ake zaɓensa, da yadda ake riƙonsa kada ya cinye uwar kuɗi



A shekarata ta biyu da shiga harkar katako na yi wata asara da har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Maigidana na Kano ya turo kuɗi, na sayi gumagumai na iroko da afara, na kai wani injin tsaga a jihar Ondo, aka tsaga, aka yi lodi, tirela ta kama hanya. Bayan kwana huɗu ya kira ni daga Na'ibawa. Ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya ce, "Kai, falanki ka aiko min ko igiyar ruwa?" Kafintoci sun ƙi kayan. Falanki ɗaya, wannan bakin inci ɗaya cif, tsakiya ya haura, can ƙarshe kuma bai kai ba. Dole aka karya farashi, kamashona na watanni ya tafi a ciki.

Na koma wurin injin da faɗa a bakina, a zatona ofareta ne ya yi min ganganci. Wani dattijo Bayarabe mai gyaran zarto a wata 'yar rumfa bayan injin ya bar ni na gama sababina, sannan ya ɗauko zarton da aka yi min aiki da shi ya ce, "Malam, shafa nan." Haƙoran gefe ɗaya da sauran kaifinsu, na ɗaya gefen kuwa sumul kamar bayan cokali. Ashe zarton ya ci tsakuwa tun a gungumen farko, mai injin ya hana a sauke shi don kada aiki ya tsaya, ni kuma ina tsaye ina ta murna ana sauri. Na ce, "Baba, da na san haka ai ni zan fara cewa a tsaya." Tun daga ranar, duk sanda nake jiran lodi a rumfarsa nake zama.

Yanzu 'yan'uwanmu da yawa a Ibadan da Legas da Shagamu da Benin da Safele sun wuce sayen falanki kawai. Wasu gungume suke saye su biya kuɗin tsaga, wasu kuma sun haɗa kuɗi sun sayi ƙaramin inji. Wannan bayanin na duka biyun ne, ko da kuwa ba ka taɓa ɗora zarto a kan wili da hannunka ba.

Wane zarto ake magana?

Wanda ma'aikata ke kira banso nake nufi: dogon ƙarfe marar kauri da aka haɗa bakinsa biyu ya zama zobe kamar bel, yana gudu a kan manyan wili guda biyu. Ba zarto mai faifai ba, ba kuma injin hannu mai sarƙa da ake shiga daji da shi ba.

Iri biyu za ka tarar. Akwai faffaɗa, mai faɗin inci 4 zuwa 6, irin wanda ke kan injinan da ake kira CD, wato su CD4 da CD5 da CD6. Asalinsu ƙirar Faransa ne, su ne suka cika gidajen tsaga na Kurmi: gungume na kwance a wuri ɗaya, injin ne ke tafiya a kan dogo yana yanka shi a kwance. Sai kuma siriri, mai faɗin milimita 32 ko 38, wato inci ɗaya da kwata ko inci ɗaya da rabi, na ƙananan injina irin na Wood-Mizer, kamfanin da aka kafa a Amurka a 1982, da sauran masu kama da su da ake shigowa da su daga Chaina da Turai.

Bambancinsu ya wuce girma. Siriri kayan aiki ne mai ƙarewa: ka wasa, ka gyara haƙora, ka sake ɗorawa, har ranar da zai tsinke ka jefar. Faffaɗa kuwa dukiya ce, yana iya daɗewa ƙwarai, amma sai da ƙwararren mai gyara, wanda ake ce wa likitan zarto. Saboda haka kafin ka biya kuɗin inji, fara tambayar kanka wa zai riƙa gyara maka zarto, kuma tafiyar awa nawa ce tsakaninku. Na san injin da ya yi watanni a rufe ba don ya lalace ba, sai don babu mai iya gyaran zartonsa a kusa.

Itacen shi ke zaɓar zarto, ba kai ba

Nan ne yawancinmu muke tafka kuskure, muna so zarto ɗaya ya yi mana komai. Ai itatuwan Kurmi ba ɗaya ba ne.

Obeche, wanda Yarabawa ke ce wa arere, da araba, wato riminmu, da farar afara, masu laushi ne. Busasshen obeche bai kai kilo 400 a mita ɗaya mai fuska shida ba, wato tsawo da faɗi da tsayi duk mita guda. Ekki kuwa a wannan awon ya haura kilo 1,000, shi ya sa yake nutsewa a ruwa. Tsakaninsu akwai iroko da madacin Kurmi da opepe da apa, wanda mu muka sani da kawo. Itace mai laushi dusarsa na da yawa kuma tana kumbura, zarensa na komawa ya matse zarto bayan haƙori ya wuce, don haka yana son haƙora masu buɗi sosai da babban kwarmi a tsakaninsu. Mai tauri kuma yana son haƙori gajere mai ƙarfi, wanda bai cika rusunawa gaba ba, da buɗi kaɗan. Malaina ba ta da tauri, amma in ɗanya ce ruwa ne fal a cikinta, dusarta na manne wa zarto kamar tuwo.

Akwai kuma masu cin haƙori ba don tauri kaɗai ba. Tik na ɗauke da sinadarin silika, wato dai dangin yashi, a cikin jikinsa, yana goge kaifi kamar ana dirza shi da sanfefa. Iroko kuma wani lokaci ana samun dunƙulen farar ƙasa mai tauri kamar dutse a cikinsa, musamman inda bishiyar ta taɓa jin rauni. Ma'aikata "dutse" suke ce masa. In zarto ya shiga wurin za ka ji ƙarar ta canza nan take. Idan ka ga wani wuri a bakin gungumen iroko ya yi duhu fiye da sauran, nuna wa ofareta kafin ya fara.

Sai abin da mutum da hanya suka ƙara wa itacen. Gungumen da aka jawo a ƙasa ɓawonsa cike yake da laka da tsakuwa. Wanda aka biyo ruwa da shi, kamar waɗanda aka daɗe ana jawowa ta cikin lagun zuwa Oko-Baba a Ebute-Metta, yakan zo da yashi, wani lokaci da ƙusoshin da aka haɗa gumaguman da su. Bishiyar da aka sara a gonar koko ko a bakin gari kuwa, wallahi ba abin da ba a samu a cikinta: ƙusa, waya, guntun adda. Wanke gungume ko ɓare ɓawon layin da zarto zai shiga aikin minti goma ne, amma ya fi duk wani maganin da zan ambata a ƙasa.

Awo uku kafin ka je kasuwa

Tsawo, faɗi da kauri. Tsawo in ba ka da tsohon zarto da za ka gwada, auna tazarar da ke tsakanin cibiyar wili biyun ka ninka biyu, sannan ka auna faɗin wili ɗaya ka ninka da 3.14, ka haɗa su. Ka yi awon lokacin da abin ɗaurin yake tsaka-tsaki, don a samu wurin ƙarawa da ragewa. Faɗi kuwa injin ne ke faɗa, kada ka yi masa dabara.

Kauri shi ne mai rikitarwa. Mutane na ɗauka mai kauri ya fi ƙarko. A miƙe yake tafiya a cikin itace, gaskiya ne, amma ka tuna duk zagaye ɗaya sai ya lanƙwasa a kan wili sau biyu ya sake miƙewa. Kamar waya ce da kake lanƙwasawa da hannu, mai kauri ta fi saurin karyewa in lanƙwasar ta yi tsanani. Tsohuwar ƙa'idar masu gyara ita ce kaurin zarto kada ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na faɗin wili. Wili mai milimita 1,100 ke nan zarto mai kusan milimita 1.1. Ƙananan injina sun saɓa wa wannan ƙa'idar, domin wilinsu bai fi rabin mita ba amma zartonsu na kai wa milimita 1 ko ya ɗan haura. Wannan ne dalilin da ya sa siririn zarto yake gajiya da wuri, ba wai lallai jabu aka sayar maka ba.

Haƙori

A siririn zarto, tazarar da aka fi amfani da ita tsakanin haƙori da haƙori milimita 22 ce. Abin da ke canzawa shi ne yadda fuskar haƙorin ta rusuna gaba, wanda ake aunawa da digiri, kuma yawanci a rubuce yake a jikin kwalin. Digiri 10 shi ne na gama-gari. Digiri 13 na masu laushi ne. Digiri 7 na masu tauri ne in injinka na da ƙarfi, digiri 4 kuma na masu tauri ƙwarai da masu yawan gaɓa. Ni dai in mutum zai sayi iri biyu kacal, cewa nake ya ɗauki 10 da ɗaya daga cikin 7 ko 4, gwargwadon ƙarfin injinsa. Faffaɗan zarto rusunawar haƙoransa ta fi haka, kuma likitan ne ke fitar da ita a wurin washi, sai ka gaya masa itacen da za ka tsaga.

Sannan buɗin haƙora, wanda ake ce wa seti. Dole hanyar da haƙora ke yankawa ta fi jikin zarton faɗi, in ba haka ba itace zai riƙe shi ya yi zafi. A siriri ana karkatar da haƙori ɗaya dama, ɗaya hagu, na uku a bar shi a miƙe yana kwashe dusa. Karkatar kusan rabin milimita ce kowane gefe, a ɗan ƙara ga ɗanyen itace mai laushi, a ɗan rage ga mai tauri. Kan haƙorin kawai ake karkatarwa, ba daga gindi ba. Kuma da agogon awo ake yi. Duk mai yi maka seti da filaya yana kanne ido ɗaya, kuɗinka yake wasa da su, domin in gefe ɗaya ya fi ɗaya ko da kaɗan ne, can zarton zai riƙa ja.

A faffaɗa ba a cika karkatarwa ba. Murje kan haƙorin ake yi da wani ƙarfe har ya baje dama da hagu, sannan a matse gefunan su daidaita. Wannan bajewar tana ɗaukar washi 'yan lokuta kafin ta cinye a sake. Wanda ya fi shi kuma shi ne a liƙa wa kowane haƙori ɗan ƙarfen Stellite, wani gami ne na kobal da kuromiyam da ba ya saurin dakushewa ko ya ɗauki zafi. Yana da tsada, amma mai yawan tsaga tik da iroko zai ga bambanci. Akwai kuma siraran zartuna masu bakin ƙarfe biyu da masu bakin kabayid. Na kabayid ba kowane dutse ke wasa shi ba, sai mai ɗauke da lu'ulu'u, ƙusa ɗaya kuma ta isa ta farfasa haƙoran. In gumagumanka daga gonaki suke fitowa, ban ba ka shawarar sa ba.

Game da saye: yawancin zartunan da ke kasuwa a naɗe ƙarfen ke zuwa, a nan ake yankawa a yi walda. To ko ƙarfen Uddeholm na Suwidin ne, in waldar ba ta yi ba, aikin banza ne. Ɗora doguwar rula ta ƙarfe a bayan zarton daidai wurin haɗin ka ga ko a miƙe yake. Shafa ka ji ko wurin ya fi sauran jikin kauri. Duba ko tazarar haƙoran da ke wurin haɗin daidai take da sauran, don in ba daidai ba injin washi zai riƙa tsallake. Na gwanjo kuma sai ka goge shi tas ka bi kwarmin haƙora ɗaya bayan ɗaya a cikin rana. Araha ba ta ado.

Lissafin dusa

Bari in nuna maka inda kuɗi ke zubewa ba ka gani. Ɗauki gungumen da aka gyara fuskokinsa ya ba da milimita 600, kana son falanki mai inci ɗaya, wato milimita 25. In zarton na cin milimita 2 a kowane yanka, falanki 22 za ka samu. In yana cin 4, sai 20. In da injin sarƙa ne mai cin kusan 8, sai 18. Gungume ɗaya fa ke nan. Ninka da abin da ke cika tirela.

Ƙari a kan haka, ofaretan da ya san zartonsa na yawo ƙara kauri yake yi don kada falanki ya gaza, sai ya yanka 28 a maimakon 25. Kai da ka sayi gungume kai ka biya wannan ƙarin, a Kano kuma ba wanda zai ƙara maka ko sisi saboda shi.

Sauke shi tun bai dakushe ba

In akwai abu ɗaya da nake rigima da ofaretoci a kansa, to wannan ne. Siririn zarto awa ɗaya da rabi zuwa biyu na yanka ya ishe shi, ko da kana ganin yana ci. A tik ko gungume mai datti ma ba ya kai haka. Faffaɗa yakan ɗan fi daɗewa, amma shi ma da lokaci ake sauke shi, ba sai ya fara hayaƙi ba.

Dalilin ba kaifi kaɗai ba ne. Yayin da zarto ke gudu, wasu 'yan tsagogi da ido ba ya gani suna farawa a gindin kwarmin haƙora. In aka sauke shi da wuri, dutsen washi zai share su tun suna sama-sama. In aka bar shi, sai su nutsa, washi ba ya kai musu. Kuma dakusasshen zarto sai an tura shi da ƙarfi, ga zafi, sai tsagar ta ƙara sauri. Shi ya sa wanda ke sauke zarto da wuri yake samun washi da yawa a jikinsa, mai cewa "bari mu ƙarasa wannan gungumen" kuma kullum yana hanyar kasuwa.

Masu ƙera zarto da dama na ba da shawarar a bar shi ya kwana a rataye bayan an sauke kafin a mayar. Wannan na nufin zarto biyu ba su isa ba. A ƙalla a samu kashi uku: na kan inji, masu hutawa, da waɗanda ke wurin washi. Mai ƙaramin inji ya yi ƙoƙarin ajiye goma. Ka sa wa kowanne lamba da fenti, yaronka ya riƙa rubuta ranar da aka ɗora da sau nawa aka wasa. Da wannan ɗan littafin na gano wane mai sayarwa ne kayansa ke saurin tsinkewa.

Da an tashi aiki, ko za a tafi sallar Juma'a ne, a sassauta ɗaurin. Zarto in ya yi zafi miƙewa yake, ofareta ya ƙara ɗauri. In ya huce sai ya tsuke a kan wili da ƙarfin da ya wuce kima, ya wahalar da kansa ya wahalar da boris.

Abin da za ka duba a rumfar mai gyara

Washi mai kyau ba goga kan haƙori kaɗai ba ne. Dutsen ya bi fuskar haƙorin, ya sauka cikin kwarmin, ya hau bayan na gaba, duka a tafiya ɗaya. Kwarmin ya fito a zagaye sumul, ba lungu mai kaifi, don daga lungu tsaga ke tashi. A riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, gara a zagaya sau biyu ko uku da a danna sau ɗaya. In ka ga ƙarfen ya yi shuɗi a wurin, an ƙona shi, ya yi tauri kamar gilashi, ba zai daɗe ba. Kafin washi a wanke danƙo da dusa, bayan washi a kankare ɗan gashin ƙarfen da ke fitowa a gefe, in ba haka ba agogon seti ƙarya zai faɗa.

Faffaɗan zarto na da wasu ayyuka biyu da su ne ainihin sana'ar likitan. Na farko daidaita jiki: ya shimfiɗa shi a kan maƙera, ya bi da 'yar rula yana neman tudu da kwari, yana bubbugawa da guduma a hankali. Na biyu murza tsakiya: ya bi da shi ta cikin injin murza don tsakiyar ta ɗan fi gefuna tsawo. Hikimar ita ce in aka ɗaure shi a kan wili, bakin da ke da haƙora shi zai fi tamkewa, ya tsaya ƙyam a cikin itace. Zafin aiki na cinye wannan murzar a hankali, sai an sabunta. Zarton da ya rasa ta ko an wasa shi kamar aska yawo zai yi. Baban nan nawa ɗaga zarto yake ya hango hasken da ke ratsawa ƙarƙashin rula, daga nan ya san abin da ya rage. Irin waɗannan dattawan suna ƙarewa, kuma ban cika ganin yaranmu suna zama koyo a wurinsu ba, alhali sana'a ce da ba ta rasa ciniki.

Tsaga da tsinkewa

Nan maganar ta wuce kuɗi. Zarton da ya tsinke yana gudu bulala ce ta ƙarfe mai haƙora. In ka ji inji na "ƙyas, ƙyas, ƙyas" a kan lokaci ɗaya duk zagaye, ko ka ga zarton na ɗan zabura gaba da baya, tsaga ce, a kashe nan take. A dokar kare ma'aikatan gidajen tsaga ta Amurka, tsagar da ta wuce kashi ɗaya cikin goma na faɗin zarto ta isa a cire shi daga aiki har sai an gyara. Ni ma da ita nake aiki. A faffaɗa ana iya tare 'yar ƙaramar tsaga ta hanyar huda ko buga alama a ƙarshenta, babba kuma a yi mata walda a sake gasa wurin a hankali don ya yi laushi. Siriri in ya fara tsaga a wurare da yawa, rabu da shi.

Inda ya tsage na gaya maka mai laifi. A kwarmin haƙora: an daɗe ba a sauke ba, ko washi ya ƙona, ko ɗauri ya yi yawa. A baya: yana gogar abin da ke tare shi, ko ana tura inji fiye da kima. A kan walda: mai haɗin ne. In kuwa sababbin zartuna ne ke ta tsagewa ɗaya bayan ɗaya, daina zagin mai sayarwa ka duba injin: fuskar wili ta cinye, ko boris na rawa, ko dusa ta daskare a kan wili ta yi tudu. Haƙora kuma kada su hau kan ƙarfen wili, a waje suke zama.

Murfin wili ba ado ba ne, a mayar da shi ko da zafi ake. Yaran da ke kwasar dusa, da masu sayar da abinci, da mu kanmu masu kaya da ke son tsayawa kusa muna ƙirga falanki, kowa ya kauce daga saitin zarto. A sa abin rufe hanci: ƙurar iroko da obeche na jawo asma, ta mansoniya kuma tana da kaifi ƙwarai a hanci da fata. Mai wasa Stellite shi ma ya rufe, ƙurar kobal ba ta yi wa huhu daɗi.

Falanki da dusa ba sa ɓoye komai

Falanki mai igiyar ruwa: zarto ya dakushe, ko buɗi ya yi kaɗan, ko ɗauri bai kai ba, ko ana gudu. Zarto na hawa sama ko nutsewa ƙasa kullum gefe ɗaya: haƙoran gefe ɗaya sun ci wani abu, ko seti bai daidaita ba, ko abin da ke riƙe zarton ya karkace. Layi mai zurfi da ke maimaita kansa a fuskar falanki: haƙori ɗaya ne ya fita daga sahu.

Ɗebi dusar a hannu. Mai kyau tana da ɗan gari-gari kamar tsaki, ba zafi. In ta zama laushi kamar fulawa, ko dai haƙora ba sa ci, ko kuma tafiyar ta yi sanyi da yawa. Mutane ba su san wannan ba: jan ƙafa ma na lalata zarto, don garin na zubewa daga kwarmi ya cika gefuna ya kawo zafi. In ka ɗaga falanki ka tarar dusa ta daskare a kai da zafi, buɗin ya yi kaɗan. In ta taru tuli a sake, ya yi yawa. Sannan in wuta ta yi ƙasa, ko janareta na nishi, gudun zarto raguwa yake, sai ofareta ya rage tafiya daidai da haka.

Don hana danƙo kamawa, a faffaɗa man gas ake ɗigawa a kan tsumman da ke shafar zarto da wili. A ƙananan injina ruwa da ɗan sabulu ya wadatar, man gas na iya lalata robar da ke kan wilinsu. Ajiya kuwa, damina a Kurmi ba ta da tausayi: zarton da aka jingine a ƙasa kwana biyu sai ka ga tsatsa, tsatsa a kwarmi kuma mafarin tsaga ce. A goge, a shafa mai, a rataye a ƙarƙashin rufi. Mai naɗewa da warwarewa ya sa safar hannu ta fata.

Kai kuma da ba ka da inji, kuɗin tsaga kawai kake biya, ga yadda nake yi yanzu. Kafin a ɗora gungumena na farko sai na ga an sa zarton da ya fito daga washi, ko da zan ƙara wani abu a kai. Muna yin magana tun farko a kan wa zai ɗauki asara in aka ci ƙusa, don kada a zo ana cacar baki zarto na kan inji. Tef ɗina na aljihu: falanki ukun farko ina auna su a baki biyu da tsakiya, sannan duk bayan gungume biyu in sake ɗaukar ɗaya. Da na ga bambanci ya kai milimita 2, sai in ɗaga wa ofareta hannu, in aika yaro rumfar Baba ya karɓo wani.